Kwana huɗu a Ikko, na je gidan Fela

Shekaranjiya na dawo daga Legas, har yanzu ƙafafuna a kumbure suke saboda zaman mota amma na ce bari in rubuta tun abin yana da ɗumi. Ni sana'ata zane ce, allon shago, bayan babbar mota, hoton mutum in an kawo, to akwai wani abokina Bayarabe da muka tashi tare a Sabon Gari, wurin maigida ɗaya muka koyi riƙe buroshi kafin iyayensa su koma da shi can, shi ne ya shekara yana damuna a waya wai sai na zo na ga inda mai zane yake da daraja.

Hanya lafiya lau sai wani shinge bayan mun haye gadar Jebba, wajen ƙarfe uku na dare. Wani jami'i ya hasko tocila ya ga na rungume zanukana shida a nannaɗe cikin leda, ya ce in sauko in warware. A kan kwalta fa! Ya sa takalmi ya danne gefen guda ɗaya, wanda na zana mata a layin ruwa da jarkoki babu komai a ciki, wai wa ya aiko ni in zagi gwamnati. Na ce ranka ya daɗe babu gwamnati a nan, mata ne da jarka. Sai da direba ya sauko ya yi ta ba shi haƙuri sannan muka wuce, shatin takalminsa kuwa ya fito raɗau a jikin zanen, wallahi har Ibadan ban iya magana da kowa ba.

A Agege mutumina yake, kuma Allah ya saka wa matarsa da alheri, ta yi amala da miyar ewedu amma don kar in takura sai da ta aika aka sayo min tuwon shinkafa wurin Hausawan unguwar, ɗakin yaransu suka ba ni yaran suka kwana a falo. Amma fa tsadar garin nan ta wuce misali, kuɗin da zan hau adaidaita daga Fagge zuwa Kabuga in dawo, a can danfo ɗaya ya cinye shi, ga kwandasta yana maka tsawa kamar ka ci bashinsa, ba sannu ba sallama.

Washegari muka je gidan mawaƙin nan Fela Anikulapo Kuti a layin Gbemisola da ke Ikeja, wanda aka mayar gidan tarihi mai suna Kalakuta a 2012. Kana shiga kabarinsa za ka fara gani a harabar, nan take na tuna gidan Mambayya a Gwammaja inda Malam Aminu Kano yake kwance a gidansa. Ɗakin Fela na nan yadda ya bar shi da ya rasu ranar 2 ga Agusta 1997, ga rigunansa, ga takalma jere kala-kala. Asalin Kalakuta, tsohon gidansa, ba nan take ba, tana titin Agege Motor Road ne a Mushin, ita ce sojoji kusan 1000 suka ƙona ranar 18 ga Fabrairu 1977 bayan waƙar Zombie da ya yi musu, suka jefo mahaifiyarsa Funmilayo Ransome-Kuti, 'yar gwagwarmayar 'yancin mata, ta taga, ta rasu a 1978. Da na ga hoton tsohuwar sai na ce wa abokina, ka san Hajiya Gambo Sawaba tamu ta Zariya har Abekuta ta je takanas don ta gana da matar nan? Ya riƙe baki. Ita ma Hajiya an ce sau 16 ana ɗaure ta saboda NEPU.

Abin da ya tsayar da ni a gidan dai shi ne bangon fayafayen. Wanda ya zana yawancinsu Lemi Ghariokwu ne, yaro ne ɗan shekara 18 ko 19 da suka haɗu da Fela a 1974, shi ma bai je makarantar zane ba, da kansa ya koya, kuma ya zana wa Fela bangon faifai 26. Fela zai yi waƙa, shi kuma ya saurara ya je ya zana abin da ya ji, sai ka ga ya cika takarda taf da mutane da 'yan sanda da ƙananan rubutu ko ina, wanda ma bai jin Turancin buroka yana kallo ya san da wa ake. Na daɗe a gaban na faifan Beasts of No Nation na 1989, ga shugabanni Thatcher ta Birtaniya ga Reagan na Amurka ga Botha na Afirka ta Kudu ya fito musu da fiƙoƙi, ka dubi ƙarfin hali, lokacin ma soja ke mulki. Kuma sun taɓa ɓatawa fa, bayan ƙona gidan, Fela ya ƙi karɓar wani zanensa, Lemi ya yi fushi ya tafi, shekaru ba su yi aiki tare ba kafin su dawo. Abokina ya taɓa ni ya ce “Malam, ka tuna shekara biyun da ka daina ɗaga wayata kan kuɗin allon otal ɗin nan?” Na ce na tuna mutumina, kuma kai ke da gaskiya. Ban taɓa faɗa masa ba sai ranar.

Ni gaskiya ba duk rayuwar Fela nake yabo ba, shan wiwi da auren mata 27 rana ɗaya a 1978 ba tarbiyyarmu ba ce. Amma mutumin da ya ɗauki akwatin gawa ya kai ƙofar barikin Dodan, fadar gwamnatin soja a lokacin, don a san an kashe masa uwa, dole ka sara masa. Abin da ya ci min rai shi ne su sun adana nasu har takalmi, mu kuwa muna da su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da suka yaƙi zalunci da alƙalami, tambayi yaron sakandare yau ka ji. Mai zane kuwa ba a ma maganarsa, a wurinmu mai fenti ne kawai, ka zana wa mutum allo ya ce ka goge sunanka da ka sa a ƙasa wai yana ɓata masa shago.

Da dare muka leƙa gidan kiɗa na New Afrika Shrine a Agidingbi, wanda 'ya'yan Fela, Femi da Yeni, suka buɗe a 2000. Kiɗa kam ba magana, amma hayaƙi ya kore ni kafin sha ɗaya.

Rana ta uku gidan zane na Nike a Lekki, bene hawa-hawa cike da zane kuma shiga kyauta, na ga adire, rinannen yadin Yarbawa, na tuna marinar Ƙofar Mata, kuɗin da ke jikin wasu zanukan kuwa ya sayi fili a Rijiyar Zaki. Mun bi ta tolget ɗin Lekki inda sojoji suka buɗe wa masu zanga-zangar EndSARS wuta a 2020, abokina ya yi shiru ya nuna min kawai. A Legas Ailan na sayi fenti da buroshi, mai shagon ya ce dubu 25, mutumina ya juya harshe zuwa Yarbanci sai ga shi a dubu 16.

Zanuka biyu na bar masa ya gwada sayarwa, shi kuma ya ce bayan Babbar Sallah zai zo Kano mu zana bangon shagon maigidanmu tare. Na matan jarka na so in wanke shatin takalmin, ya riƙe min hannu ya ce kar in kuskura, in rubuta kwanan wata da Jebba a ƙasansa in sa sunana. Na rubuta, yau da safe na rataye shi a shago.