Awa ɗaya da na manta a Portland Bill

Har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni, domin ba teku ce ta ci amanarmu ba, lissafina ne.

Jirgin na wani dattijo ne Bature da muka yi aiki tare, ƙarami mai filafilai, tsawonsa bai fi mita 9 ba. Niyyarmu mu tashi daga Weymouth a kudancin Ingila, mu zagaya Portland Bill, wato tsinin kudancin tsibirin Portland, mu ratsa Lyme Bay zuwa Brixham. A bakin tsinin nan ruwa biyu ke karo, teku ta riƙa tafasa kamar tukunyar da aka manta a kan wuta. Ƙananan jirage sukan bi wani siririn lungu dab da duwatsun gaɓa, shi ma sai a daidai lokacin da ruwa ke juyawa. Ni aka ba aikin fitar da lokacin, har da ɗaga kafaɗa.

Jadawalin cikar teku da agogon GMT aka rubuta shi. A watan Yuni kuwa agogon Ingila yana gaba da awa ɗaya. Kowane ɗan koyo ya san ana ƙara awar nan. Ban ƙara ba.

Muna gangarowa ta gabashin tsibirin hazo ya sauko. Ni da na tashi cikin hunturu na ɗauka na san hazo, ashe namu na ƙura ne, ana ganin rana ja ta cikinsa. Wannan jiƙaƙƙe ne, yana ɗiga daga gira, gaban jirgin ma da ƙyar nake hangowa. Hasumiyar fitilar da ke kan tsinin, mai ja da fari, wadda aka kunna tun 1906, tsawonta mita 41, ko inuwarta ba mu gani ba. Kukan ƙahonta kawai muke ji, wani lokaci ta dama, wani lokaci kamar ta baya.

Dattijon ya dubi na'urar GPS, ya dubi kamfas, ya sake duban na'urar. Hancin jirgi na kallon yamma, mu kuwa kudu muke tafiya. Bai ɗaga murya ba, ya ce: "Ɗana, ka ƙara awar kuwa?" Bakina ya bushe.

Raƙuman ruwan can ba layi suke zuwa ba, tsaye suke tashi ta ko'ina su faɗo. Jirgi ya hau, ya zubo da ƙarar da na rantse ya tsage. Butar shayi ta fice daga kan murhu, kwanuka suka watse a ƙasa. Muka tada inji, na ɗaure kaina da igiya, ina busa ƙaho duk minti biyu ina amai a tsakani. Babu addu'ar da na sani da ban karanta ba. Abin da ya fi tsorata ni ma ba ruwan ba ne, tunanin wani jirgin ya ɓullo daga cikin farin nan ba mu gan shi ba. Filafilin gaba ya yage kafin mu naɗe shi.

Wajen minti 40 muka yi a ciki, sannan ruwan ya juya, daidai lokacin da jadawalin ya faɗa tun farko, ya tofo mu waje. Brixham dai ba mu je ba, muka lallaɓa muka koma.

Wanda zai bi ta nan, ya sa mutum biyu su yi lissafin, kowa da takardarsa, sannan a gwada. In kuma hazo ya rufe tun kafin tsinin, a juya, lungun nan cike yake da igiyoyin tarkon masu kamun ƙaguwa. Mu da mun juya, da ko awar da na ci ba ta kama mu ba.

Na biya rabin kuɗin ɗinkin filafilin, da ƙyar ya karɓa. Da muka sake fita a watan Agusta, kafin in taka jirgin ya kamo hannuna ya rubuta "+1" da biro a bayansa.