Jaridar intanet nake yi, kuma gaskiyar labari kaɗai ba ta fitar da mutum yanzu

Ƙaramar jarida nake da ita a intanet, ni ne mai gida ni ne edita, sai 'yan rahoto ƙalilan da yaron da ke kula mana da Facebook. Mutane suna ɗauka wahalar aikin ita ce samo labari, toh samo labari ai shi ne mai sauƙin, abin da ke cinye min dare shi ne tambayar nan: in mun saka wannan wa zai maka mu a kotu, kuma da me zan kare kaina.

Abin da muka koya wurin manya shi ne in labarinka gaskiya ne kana da shaida to ka yi barcinka. A shari'ar ɓata suna maganar tana nan, Ingila ma tun dokar 2013 sai mai ƙara ya nuna an yi wa sunansa babbar illa. Tashar talabijin ta Fox News a Amurka kuwa da ta biya kamfanin na'urorin zaɓe na Dominion dala miliyan 787.5 a 2023 ƙarya aka yaɗa, wannan ban ji tausayinsu ba.

Inda abin ya canza shi ne maganar sirri. A 2022 kotun ƙolin Birtaniya ta yanke wa kafar labarai ta Bloomberg hukunci kan wani ɗan kasuwa da ake bincika ba a kai ga tuhumarsa ba, mutumin bai kai ƙara kan an yi masa ƙarya ba fa, cewa ya yi an tona asirinsa, kuma ya ci, diyyar fam 25,000. Kaga ke nan labarinka gaskiya ne amma kai ne da biya. Hukuncin bai hau kanmu ba, sai dai lauyoyi suna karanta hukunce-hukuncen wasu ƙasashe, ga dokar bayanan mutane ta Turai tun 2018, Najeriya ma ta yi tata a 2023.

Shi ya sa na kafa wa yarana ƙa'ida. Wanda aka ce ana bincikarsa, sunansa ya jira sai an gurfanar da shi, sai dai in mai riƙe da muƙamin gwamnati ne kuma takarda na hannunmu. Hoton hirar WhatsApp ba ya fita sai an goge lambar waya da ta asusu, fuskar yara kuwa babu ita sam. Kuma dole a kira wanda ake zargi, in ya ƙi ɗauka a tura masa saƙo a ajiye, don in tafiya ta yi tafiya wannan ajiyar ce za ta yi maka magana. Yaran suna gunaguni wai wasu na rigan mu sakawa, eh suna rigan mu, su je.

Masu cewa a goge tsohon labari ma sun yi yawa. In gaskiya ne ba na gogewa, amma in kotu ta wanke mutum ina rubutawa a saman labarin ɓaro-ɓaro, haƙƙinsa ne.

Wanda ya fi ba ni tsoro wasiƙar lauyan mai kuɗi ce, shi ba cin shari'ar ne ya dame shi ba, so yake kuɗin lauya ya karya ka tun kafin alƙali ya zauna. Tarayyar Turai ta yi doka kan irin wannan ƙarar a 2024 don a riƙa korar ta da wuri. Mu dai kafin irinta ta iso mana, kason lauya nake fara cirewa daga kuɗin talla kowane wata, kafin ma na intanet.