Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ranar da Aka Ɗora wa Maigidana Hannu

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. A makon jiya mun tsaya ne inda maigidana ya kammala karatu a makarantar tauhidi ta ikilisiyar Lutheran da ke Meiganga a ƙasar Kamaru, muka tattara 'yan komatsanmu muka koma Ngaundere.

Kammala karatu ba ya mai da mutum fasto. Sai da aka ajiye shi ƙarƙashin wani dattijon fasto domin a ga halinsa. Yana wa'azi, yana ziyarar marasa lafiya, yana zaman makoki, amma idan aka zo baftisma ko Jibin Ubangiji sai ya koma gefe. Ana nan, wata rana takarda ta iso cewa sunansa na cikin waɗanda za a naɗa.

Inna ba ta yi murna ba. Tun ranar da ya ajiye aikinsa na kamfanin auduga na Sodecoton a Garwa, aiki mai albashi duk ƙarshen wata, ranta bai kwanta ba. Ta ce mini, "'Yar nan, ni ban ƙi aikin Allah ba. Amma baikon majami'a yau akwai, gobe babu. Da me za ku riƙe yaran nan?" Ban ga laifinta ba. A ƙauyuka da yawa abin da fasto zai ci yana rataye ne da abin da damina ta bai wa jama'arsa. In dawa ta yi kyau ya samu, in ba ta yi ba ya ɗauki fartanya kamar kowa.

Ana gobe naɗi, matar dattijon faston nan ta aika a kira ni. Mama muke ce mata. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, ta miƙo mini faifai na zauna ina taya ta.

"'Yata, gobe mijinki za a tambaya, ke ba wanda zai tambaye ki. Shi ya sa ni zan tambaye ki yau. Kin yarda?"

Na ce, "Mama, ai tun muna Meiganga na yarda."

"Wancan karatu ne, yana da ranar gamawa. Wannan ba shi da ita. Za a buga muku ƙofa da tsakar dare, mace na naƙuda ko tsoho na gargara. Za ki dafa tuwon mutum biyar, goma su ci. Ki dasa mangwaro, kafin ya yi 'ya'ya a ɗauke ku, wata ta zo ta sha. Har yau da maigidana ya tsufa ana sallama a ƙofar nan, bai taɓa cewa ya gama ba."

Sai ta riƙe hannuna ta yi addu'a da Fulatanci, ni kuwa ina amin da Hausa. A wurina daren nan aka naɗa ni.

Washegari majami'a ta cika har waje. Wasu jirgin ƙasa ya kawo su daga Yawunde, wasu a bayan manyan motoci daga Tibati da Garwa. Ngaundere ce cibiyar ikilisiyarmu. A nan masu mishan na ƙasar Norwe suka sauka a 1925, bayan Adolphus Gunderson na Amurka ya fara aiki a yankin a 1923, kuma har yanzu unguwar da suka zauna da sunansu ake kiranta. Cikin tsofaffin fastocin da suka zauna a gaba akwai wanda aka riƙo hannunsa saboda idonsa ya yi rauni, aka ce mini turawan mishan ne suka koyar da shi. An yi waƙa da Faransanci, an yi da Fulatanci, matan ƙabilar Gbaya da na Dii suka yi tasu har ƙasa na girgiza. Mu masu jin Hausa ba mu da yawa, amma zumuntar matanmu ta tashi da tulu da kacau-kacau, ba mu ji kunya ba.

Waɗanda za a naɗa suka fito cikin fararen riguna. A lokacin maza ne zalla. Sai a 2012 ikilisiyarmu ta naɗa mata uku na farko, kuma ina cikin waɗanda suka yi guɗa, domin na ga yadda mata ke ɗauke da aikin nan tun ba a ba su riga ba.

Aka karanta Ayyukan Manzanni sura 13, inda ikilisiyar Antakiya ta yi azumi da addu'a ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su. Sannan shugaban ikilisiya ya tambaye su ko za su yi wa'azin Maganar Allah da gaskiya, su yi kiwon garken da aka danƙa musu, su tsare halinsu. Na kasa kunne sosai saboda maganar Mama. Ban ji an ambaci shekaru ba, ban ji an ambaci gari ba. Maigidana ya ce, "I, da taimakon Allah." Muryarsa ta yi rawa, shi da yake wa'azi ba lasifika a ji shi a bakin hanya.

Suka durƙusa. Fastoci suka kewaye su har na daina ganinsa, sai tafin ƙafarsa kawai. Hannu bisa hannu, tsohon nan mai raunin ido yana laluben kansa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Da ya tashi aka rataya masa ɗan mayafin fastoci a wuya, aka miƙa masa Littafi Mai Tsarki.

A gida Baba ya ƙara masa wani. Nasa ne da ya zo da shi daga Mubi tun yana saurayi, tsohuwar fassarar Hausa wadda ta fara fitowa a 1932, bangonta ya sha ɗinki. Ya ce, "Ɗana, ni tela ne, iyakar abin da na iya karantawa na karanta. Ka ɗora daga nan." Maƙwabciyarmu Hajiya, wadda tun asuba take kan tukunyar shinkafarmu, ta leƙo ta ce, "Malam, Allah ya taya riƙo." Inna ma ta sa masa albarka, ko da yake a gajarce.

Da baƙi suka ragu ya kira ni ɗaki ya nuna mini takardar da aka ba shi. An tura mu wani ƙauye can bayan Poli, ƙasar Dowayo, inda ba mu san kowa ba, ba ma jin harshensu, hanyar kuma in ruwa ya sauka sai a ƙafa.

Ya ce, "Uwargida, me kika gani?"

Na ce, "Maigida, bari in nemo buhunan zuba kaya. Amma Inna kai za ka gaya mata."

Yadda ta karɓi maganar, da yadda kogi ya tare mu da yara a hanya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.