Amanar Sirri da Iyakarta a Karatun Halayyar Ɗan Adam

Lokacin da na shiga sashen nazarin halayyar ɗan Adam a jami'a, na zaci wahalar karatun ba za ta wuce ƙididdiga da haddace sunayen masana ba, amma darasin ɗa'ar aiki, wanda ɗalibai da yawa ke ɗauka a matsayin cike gurbi, shi ne ya fi tsaya mini a rai.

An fara mana da sanannun gwaje-gwaje. Akwai na Stanley Milgram a Jami'ar Yale a 1961, inda mutum 26 cikin 40 suka bi umarni har ƙarshe, suna zaton da gaske suke jona wa wani lantarki, sai kuma kurkukun kwaikwayo na Jami'ar Stanford a 1971, inda aka sa ɗalibai suka zama masu gadi da fursunoni har masu gadin suka shiga musguna wa fursunonin, wanda aka shirya zai kai mako biyu aka dakatar da shi bayan kwana shida. Hukunta waɗannan ba ya da wuya, domin laifin a fili yake.

Abin da ya raba kan ajinmu shi ne shari'ar Tarasoff. A 1969 wani ɗalibi a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya shaida wa masanin da ke duba shi cewa yana da niyyar kashe wata budurwa, Tatiana Tarasoff. Masanin ya sanar da 'yan sandan jami'a, suka yi wa ɗalibin tambayoyi suka sake shi, ba wanda ya gargaɗi yarinyar ko iyayenta, kuma a watan Oktoban shekarar ɗalibin ya kashe ta. A 1976 Kotun Ƙolin Kalifoniya ta yanke cewa nauyin kare wanda ake barazana ga rayuwarsa yana wuyan mai duba mara lafiya, ko da hakan zai sa ya fallasa abin da aka faɗa masa a asirce.

Na yarda da hukuncin, sai dai ban yarda cewa ya kashe maganar ba. Duk aikin ya dogara ne ga amana, kuma wanda ya san za a iya kai maganarsa gaba yana iya haɗiye abin da ke cinsa, alhali faɗarsa ce hanyar da za a bi a taimake shi. Shi ya sa ake koya mana bayyana iyakar sirri tun a zaman farko, kafin mutum ya buɗe cikinsa.

A takarda wannan jimla biyu ce kawai. Ranar da muka gwada a aji, wata abokiyar karatu ta zauna a matsayin mai neman shawara, na yi mata alkawarin riƙe sirrinta, sannan na lissafa inda alkawarin zai tsaya: barazana ga ranta, ko ga ran wani, ko cutar da yaro. Ta dube ni ta ce to ai ba ta da abin faɗa. Wasan kwaikwayo ne, amma na rasa amsa, kuma da gangan malamar ta bar shirun ya yi tsawo kafin ta umarce mu mu sake daga farko.