Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wankin Sifana

Makon jiya na tsaya a kan yadda muka buɗe zauren wasan fatake, wasan haɗa labari a rubuce, a WhatsApp, mu 'yan Aboabo da Asawase, unguwanni a Kumasi ta Ghana. Yau maganar Kawu ce ta hana ni sakat. Shekara da shekaru yana gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kullum yana cewa, "Yaron da bai wanke sifana ba, ba ya kwance inji." A kan wannan magana muka gina tsarin karɓar sabon ɗan wasa.

Labarinmu ayarin goro ne daga Salaga ta arewacin Ghana zuwa Kano. Mai jan labari shi ne madugu, kowa kuma yana rubuta abin da mutuminsa na cikin labarin ya yi ko ya faɗa. Sabon shiga zai cike takarda: sunan mutuminsa, garinsu, gwaninta uku da rauni ɗaya. Maki 6 ake ba shi ya raba, kada ɗaya ta wuce 3. Misali ciniki 3, sanin hanya 2, jinyar jaki 1. Raunin nan shi ne inda ake fama. Yara su kan rubuta "yana da zafin zuciya" don su sami dalilin faɗa. Sai a mayar musu da takardar, a ce a kawo raunin da zai jawo asara, kamar bashi, ko tsoron ƙetare kogi.

Daga nan sai a haɗa shi da maigida, wato tsohon ɗan wasa, na mako huɗu. A cikin labarin ma yaronsa ne, shi ke ɗaure kaya, shi ke ɗebo ruwa a zango. Layi biyar kawai zai rubuta a kowane zagaye, ya fara tura wa maigida a keɓe, a gyara, sannan ya saka a zaure. Gyaran da ya fi yawa guda ɗaya ne: kada ka rubuta abin da mutumin wani ya ji ko ya yi. Ka ce "na kai masa sanda," ka tsaya nan. Faɗuwa ko kaucewa, mai shi ne zai rubuta.

In abu na da haɗari, madugu zai jefa ɗan ludo a bidiyo, a haɗa da makin gwaninta. An kai 7, an yi nasara. Gwaninta ba ta ƙaruwa sai an yi amfani da ita a fage uku, an faɗi aƙalla sau ɗaya, kuma maigida ya zauna ya koyar a cikin labarin, ya nuna yadda ake yayyafa wa goro ruwa a sake ganyensa don kada ya bushe. Maigidan da ya ƙosa ya riƙa rubuta wa yaronsa, ya kashe shi. Bayan wata guda za ka ga yaron ba shi da murya tasa.

Wannan doka ce ta raba ni da wanda na raina da hannuna a wasan. Ba zan kama sunansa ba, 'yan gida sun sani. Ya ce ina danne yara, ya ja mutum shida ya buɗe nasa zaure, kowa ya shigo jarumi ne tun ranar farko. Har yau abin yana ci mini rai, domin ni na zauna da shi dare bayan dare a 2015, lokacin dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Ghana, muna cajin waya a shagon mai aski don kada ya rasa zagayensa. Saboda shi ma muka sa dokar jiran awa 24 kafin a tsallake mutum. Da na kai wa Kawu ƙara, bai san mene ne WhatsApp ba, amma ya tambaye ni, "Ya wanke sifana?" Na ce ya wanke, Kawu. Ya ce, "To, bai daɗe yana wankewa ba."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo yadda muka naɗa mace ta farko madugu, da abin da Hajiya ta ce da ta ji.