Rahoton shekara ya tafi

Alhamdulillahi, mun miƙa wa hukumar CFTC, mai sa ido kan irin kasuwarmu a Amurka, rahoton shekara na dandalinmu, inda bankuna ke cinikin yarjejeniyar musayar kuɗin ruwa, wato ɓangare biyu su amince su riƙa biyan juna kuɗin ruwa, ɗaya tsayayye, ɗaya mai hawa da sauka. Wallahi mun sha aiki.

Dokar Dodd-Frank ta 2010 ce ta haifar da irin wannan dandali, bayan rikicin tattalin arziki na 2008 ya tona yadda ake ƙulla cinikin biliyoyin daloli ta waya, hukuma ba ta gani. Ƙa'idoji 15 ke kanmu. Bayanan kowane ciniki sai an ajiye su shekara 5, lissafin kuɗinmu kuwa sai mun miƙa wa hukumar duk wata uku.

Sa idon nan ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari. Ƙananan dandali nake tausaya wa: ba su da tarin lauyoyi kamar manya, ga shi takardun da ake nema iri ɗaya ne.