Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ƙwallon da ya koma allura

Makon jiya mun tsaya a ranar da malamina ya ba ni aikin digiri na biyu: in lissafa matakan kuzarin ƙwayar zarrar haidirojin idan ta shiga maganaɗisu mai tsananin ƙarfi. Wallahi da murna na fito ofishinsa. Furoton ɗaya ne da ilektron ɗaya, kuma kowane ɗalibi ya haddace cewa kuzarin da ake buƙata a raba su ilektron-bolt 13.6 ne (ilektron-bolt ma'aunin kuzari ne). Na ɗauka aikin wata guda ne.

Wata huɗu ina fama. In maganaɗisun mai rauni ne, irin wanda Pieter Zeeman ya ga yana shafar layukan haske a 1896, lissafina tsaf yake fitowa. Amma da na haura tesla (ma'aunin ƙarfin maganaɗisu) 235,000, inda ƙarfin maganaɗisu ke yin kunnen doki da jan furoton, na nufi tesla miliyan 100 na taurarin niyutron, wato dunƙulallun ragowar manyan taurarin da suka fashe, sai lambobin suka ƙi zama. In ƙara layukan lissafi, kwamfuta ta kwana tana aiki, da safe amsa ta sauya.

Na kai masa takardun raina a ɓace. "Malam, ko dai matsalar ba ta da mafita ne?"

Bai ce uffan ba. Ya ɗauki alli ya zana da'ira, ya ja siririn layi a gefenta. "Furoton ta ko'ina yake jan ilektron, shi ya sa ƙwayar take kamar ƙwallo. Maganaɗisu kuwa matse ta yake ta gefe, ya bar mata tsawo. Kai ƙwallaye kake ta jerawa, kana so su ba ka allura."

Sannan ya ba ni labarin da har yau yake raina: farar tauraruwar nan Grw+70°8247, wadda haskenta ya ɗaure wa masana kai shekaru arba'in da 'yan kai. Sai a 1984 zuwa 1985, da taimakon irin wannan lissafi, aka gane ashe haidirojin ne maganaɗisu ya jirkita masa kama.

Na koma na rushe komai, na sake gini a kan matakan kuzarin ilektron cikin maganaɗisu da Lev Landau ya fitar a 1930. Dare na tara, wajen ƙarfe biyu, lambar matakin ƙasa ta fito: kusan ilektron-bolt 160 a maimakon 13.6. Na ƙara layuka, ba ta motsa ba. Na sake ƙarawa, tana nan daram. Hannuna na rawa na rubuta ta a bangon littafina.

Matakan sama kuwa, waɗanda suka ci min sauran shekarar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.